Karusar da Ba a Buɗe Ba

Duk wanda ya ce wa Mui darar mutane wasa ce kawai, to bai taɓa tsayawa bayan igiya yana kallo ana fitar da 'yarsa daga fili tun ganga ba ta gama ɗumi ba. Tun da 'yarta Lua ta isa shiga sahun 'yan mata, duk shekara in bikin gari ya zo bayan Tet, wato sabuwar shekara, dakare ake ba ta, mafi ƙanƙanta a 'ya'yan dara. A zaunar da ita a sahun gaba da allon da ke nuna matsayinta a kan sanda, mai wasa ya kaɗa 'yar tutarsa ya tura ta gaba don doki ya samu hanya, wani saurayi daga ɗaya ɓangaren ya tako ya tsaya a gurbinta, shi ke nan ta tattara rigarta ta fice. Bara ma juyawa kawai Mui ta yi ta zuba wa wani romo a kwano, kafin ta waiwayo har an cinye yarinyar.

Kuma ba wani abin ɓoye ba ne. A Tram Ha kowa ya san yadda dattawa ke rabon alluna. Jikar Baba Truc, shugaban dattawan biki, karusa, wadda ta fi kowa ƙarfi a fili. Dao, 'yar Yen matar mai gasa bulo, karusa. 'Ya'yan masu gidan bene su kwashe igwa da doki, 'ya'yan masu bakin magana a taro su samu giwa ko bafade, su zauna ƙarƙashin laima kusa da sarauniya, mai matsayin sarki a ɓangaren 'yan mata. In an gama sai a tuna akwai dakaru, a aika gidan masu kiwon agwagi da gidan marayu irin Lua, wadda uwarta ke sayar da taliyar shinkafa da romon ƙaguwa a bakin kasuwa. A bakin dattawan kuwa ba ka jin komai sai tarbiyya da kyawun hali da gidan da ba a yi rasuwa ba a shekarar. Tarbiyya! In tarbiyya ake dubawa, Dao ko kujera ba za a ba ta ta ɗauko ba.

Bana ce shekarar Lua ta ƙarshe. An sa ranar aurenta da wani makanike na tsallaken kogi, yaron da ta zaɓa da kanta, mai aure kuma ba ta shiga fili. Abin da Mui ke so ɗaya ne: kafin 'yarta ta bar garin, ko sau ɗaya mutane su gan ta riƙe da allon da ba na dakare ba. Ta yi ta aika wa matar Baba Truc romo mai zafi kyauta. Ta san ba zai yi amfani ba, amma ta aika.

Sai ga samarin gari sun zo da tasu. Su yanzu ba sa buga dara irin ta iyaye, darar kife suka koyo a waya da shagunan shayin birni. A kife 'ya'yan dara duka, a cakuɗa su, a jera a gurabe, sarki kaɗai ake bari a buɗe. Wanda ya faɗa gurbin doki, tafiyarsa ta farko irin ta doki ce. In ya sauka sai a juya shi a ga ko mene ne, daga nan ya ci gaba da abin da ya fito. Suka ce ko dai bana a yi darar mutane a kife, kowane allo cikin jakar yadi, ko kuma dattawa su nemo masu zama a kujerun maza, su kam sun gaji.

Kawu Khoat, tsohon da ya fi kowa dara a garin, wanda ke jan ɓangaren 'yan mata tun Mui tana amarya, ya zo rumfarta karin kumallo yana huci.

"Kin ji haukan da yaran nan suka kawo? Wai giwa ta haye kogin da ake zanawa a tsakiyar fili! Bafade ya bar fada ya tafi yawon duniya! Ka miƙa hannu kana zaton karusa, ka juya ka ga dakare yana kallonka. Wannan dara ce ko caca?"

"Sha romonka, Kawu, kada ya huce."

"Kakanni suna kallo fa. Ni hannuna ba zai taɓa tutar nan ba. In na buga darar kife, a aske mini gemu a tsakiyar kasuwa."

"Wane gemu, Kawu? Wannan ai ko almakashi ba za a ɗauko ba, da farce za a gama."

"Au, ke ma bayansu kika bi?"

"Ni bayan sa'a na bi," in ji Mui, ta ƙara masa ganye a kwano. "Jaka ba ta san gidan kowa ba. Ba ta san bene ba, ba ta san bulo ba."

Abin mamaki, dattawa ba su ja dogon zance ba. Zama ɗaya suka yi, aka sha shayi, aka ja lofe, Baba Truc ya fito ya ce zamani ya zo da abinsa, a yi wa yara yadda suke so. Ba a jima ba kuma aka ji Kawu Khoat ya karɓi tuta, gemunsa na nan lafiya lau. Mace irin Mui, wadda ke gane ruɓaɓɓiyar ƙaguwa tun daga bakin kwando, nan ya kamata ta tsaya ta yi tunani. Ina! Murna ba ta bar ta ba.

Ranar da aka karanta rabon kujeru a lasifikar gari, tana cikin yanka albasa. Aka kira jikar Baba Truc, sahun gaba. Aka kira Dao, sahun gaba. Can sai ta ji sunan Lua: sahun baya, kusurwar dama, gurbin karusa. Ta ajiye wuƙa, ta ce wa Gam mai awara, maƙwabciyar rumfarta, ta maimaita mata, don ba ta yarda da kunnenta ba.

"Kusurwa aka ce," in ji Gam, ba ta ko ɗago daga kaskonta ba.

"Kin ji ko? Kusurwa! 'Yar mai bulo a gaba cikin yayyafi, tawa a baya, layi ɗaya da sarauniya. Ashe zan ga wannan rana da idona!"

A makon nan ba wanda ya ci taliya a rumfar ya tashi bai ji labarin kusurwa ba. Masu sayen kwano ɗaya sun sha ƙarin romo ba su roƙa ba. Daga baya ma ta hau kekenta ta haye gada har gidan surukai, ta ce lallai su zo biki su ga inda gari ya zaunar da amaryarsu.

"Inna, kujera ce fa kawai," in ji Lua da ta ji. "Da kin bar mutanen nan a gidansu."

"Yi mini shiru, ba abin da kika sani. Duk shekara ƙeyarki nake kallo a layin gaba, bana fuskarki za a kalla."

Ranar biki aka tashi da yayyafin nan mai shiga ƙashi. An zana filin gidan kakanni, inda gari ke girmama magabatansa, da farar ƙasa, kogi a tsakiya, fada nan da can. Samari cikin jan kaya, 'yan mata cikin rawaya, kowa a kan kujerarsa riƙe da sanda, kan sandar lulluɓe da jaka an ɗaure bakinta. Mui ba ta kafa rumfa ba, karon farko tun rasuwar mijinta. Ta kama wuri a bakin igiya daidai kusurwar dama, uwar ango a gefenta da lema, Gam a ɗaya gefen da farantin awara. Lua na zaune a miƙe, gashinta naɗe cikin baƙin ɗankwali, ba ta waiwayo ba.

"Ashe gidanku da daraja haka a garin nan, Yaya," in ji uwar ango.

"To, ana dai lallaɓawa," in ji Mui, kai na neman taɓa rufin lema.

Mai jan ɓangaren samari baƙo ne daga garin gaba, wani siririn saurayi mai gilashi, Vinh, wanda ya kayar da kowa a wasannin share fage. Aka buga kuge. Kawu Khoat ya shiga tsakanin kujeru, hannu ɗaya a baya, bai ko yi jim ba ya nufi jikar Baba Truc ya kaɗa mata tuta. Ta tako gaba, mai kuge ya zo ya zare jakar. Karusa! Fili ya ɗauki ihu. Har Mui ta tafa, ta ce wa Gam, "Kin ga yarinyar nan, ko a kife ma sa'a bin ta take." Gam ta ce uhm. Aka taɓa 'yar mai shagon zinariya, igwa ta fito. Aka taɓa 'yar mai gidan bene na bakin titi, doki ya fito. Tafin Mui ya fara sanyi, amma ta ce a ranta ai haka sa'a take, wani lokaci sai ta bi layi.

Shi Vinh lalube yake yi na gaskiya, ya taɓa nan ya samu giwa, ya taɓa can ya samu bafade, amma da abin da ya samu yake yaƙi, kuma bai bar tsoho ya numfasa ba. Duk sanda Kawu Khoat ya nufi wajen Dao, sai yaron ya kawo wa sarauniya hari, dole ya koma ya tare. Mai ganga na biye da shi yana kaɗa masa a kunne, yadda ake yi wa mai jinkiri. Ana cikin haka igwar samari ta tsallake kan wata yarinya ta faɗa wa Dao, jakarta na ɗaure yadda aka ba ta. A darar kife kuwa wanda aka ci a kife, a kife yake fita, ba a buɗe shi sai an tashi.

Dao ta miƙe tana turo baki. Sai aka ji ƙara daga rumfar manya.

"Kai! Kai yaro! Karusa ce fa! Ya za a ci karusa ba a ko buɗe ta ba? Kawu Khoat, kana tsaye kana kallo? Ba a gaya maka ka taɓa ta da wuri ba?"

Yen ce, matar mai bulo, ta miƙe tsaye tana kaɗa jakar hannunta, mijinta na jan gefen rigarta. Ganga ta yanke. Vinh ya cire gilashinsa, ya dubi jakar da ke ɗaure a kan sandar Dao, ya dubi matar.

"Gwaggo, ya aka yi kika san karusa ce?"

Baba Truc ya ɗauki lasifika ya yi dariya irin ta manya. "Uwa ce, ɗana. Kowace uwa 'yarta karusa ce a idonta. Mai ganga, ci gaba!"

Aka yi dariya, dariyar mutanen da suka san abin da suke yi wa dariya. Vinh baƙo ne, kuma yaro, a gaban dattawan wani gari. Ya mayar da gilashinsa ya koma kan wasa.

Mui ba ta yi dariya ba. Ta matsa jikin maƙwabciyarta.

"Gam."

"Na'am."

"Me matar nan take nufi?"

"Oho. Ungo awara."

"Kada ki ce mini oho. Dube ni nan."

Gam ta saci kallon uwar ango, ta rage murya. "Ke dai Mui, sai ka ce ba a garin nan aka haife ki ba. Ai kwashe allunan aka yi aka kai gidan Baba Truc, wai za a yi musu turare a gaban kakanni. Can aka ɗaure su. Kowace jaka an san hannun da za ta shiga. Kujerun gaba su ne na gata bana, su ake fara taɓawa, su ake ɗauka a hoto."

"Kawu Khoat fa, da rantsuwarsa?"

"Kin ga ya yi lalube? Sai da aka yi masa alkawarin gaya masa kowace jaka sannan ya karɓi tuta. Ya ce in dai ya san abin da ke ciki, to ba caca ba ce, dara ce."

"Wa da wa suka sani?"

"Wa bai sani ba?"

"Kika bar ni ina yawo da baki a kasuwa? Kika bar ni na haye gada?"

"To in ce miki me? Kina ta ƙyalli kamar sabon kwano."

"Mene ne a jakar Lua?"

Gam ta sunkuya tana gyara awarar da ba ta motsa daga inda take ba.

Mui ta mayar da idonta kan jakar Lua. Raini dai ta sha shi a garin nan, ta saba. Amma a da ai a fili ake yi mata shi, a miƙa wa 'yarta allon dakare kowa na gani, ta karɓa ta san an raina ta, ta koma ta hura wutarta. Yanzu kuwa an ɗauki rainin nan an cusa a jaka an ɗaure, an sa masa suna sa'a, don in an buɗe mutane su ce kun gani, ko sa'a ma ta san matsayin 'yar mai taliya. Su sun ƙi sabuwar dara, sun kuma ji kunyar tsohuwa, sai suka haɗa ƙarya biyu suka zaunar da 'yarta a kai. Har da turare a gaban kakanni! Kuma ita da ƙafarta ta je ta ɗauko surukai su zo su shaida.

"Yaya, yaushe za a buɗe tamu?" in ji uwar ango.

"Ta kusurwa ajiye ta ake yi," in ji Mui. "Sai babban aiki ya taso."

Wannan kam gaskiya ce. Muddin jakar na ɗaure, tafiyar karusa ɗaya na hannun Lua, kuma duk gwani yakan riƙe irin wannan har ƙarshe. Tun safe Mui ke roƙon kakanni a ranta a taɓa 'yarta. Yanzu ta juya roƙon: a bar ta, a gama wasan nan tana zaune, a tashi kowa ya watse, ta kama hannunta su tafi gida ba wanda ya ga komai.

Wasa ya yi zafi. Rashin karusar nan ya karya wa tsoho lissafi, tun da shi bai taɓa koyon lalube ba. Giwar samari ta haye kogi tana ɓarna, yana kallonta kamar an zagi ubansa. Aka buɗe 'yar mai agwagi, dakare. Aka buɗe 'yar mai facin taya, dakare. Wasu da suka sha giyar shinkafa a bayan igiya suka kama lissafi da ƙarfi, wane ya fito, wane bai fito ba. Uwar ango, baiwar da ba ta san garin ba, ita ma ta lissafa da yatsunta, sai fuskarta ta washe.

"Yaya! Saura karusa da dakare ba su fito ba. Jaka kuma saura tamu da ta yarinyar can da aka fitar. Na rantse tamu ce karusar, dubi zamanta ma."

Mui kuwa idonta na kan Kawu Khoat, don ta ga ya taho. Vinh ya ja igwarsa can ƙarshen fili, layi ɗaya da Lua, ba kowa a tsakaninsu, kuma duk mai ido ya ga in aka bar igwar nan ta sake motsi sarauniya ta gama. Tsoho ya tsaya gaban yarinyar, tuta a hannu, ganga na ci masa kunne. 'Yan kallo ba sa magana da mai wasa ranar biki, amma Mui ta jingina da igiya.

"Kawu. Bar ta. Don girman romon da ka sha a hannuna, bar ta a zaune."

Bai dube ta ba. "In na bar ta sarauniya ta mutu."

"Ta mutu mana! Baɗi ma za ku naɗa wata."

Ya kaɗa tuta.

Lua ta miƙe. Ta ɗaga sandarta da hannu biyu ta kama layin nan sak, ba gaggawa, rigarta rawaya na share jiƙaƙƙen bulo. Ta wuce inda ta saba zama duk shekara ba ta dube shi ba. Ta haye kogi. Mai ganga ya canza kiɗa ya koma na karusa, mai nauyi, mutane suka yi tsit suna binta da ido, masu waya suka ɗaga wayoyinsu. Ba wanda ya taɓa lura da tsayin yarinyar nan sai yau. Ta isa ƙarshen fili, saurayin igwa ya tashi ya rusuna ya fita, ta tsaya a gurbinsa, fili ya ɓarke da ihu. Abin da Mui ta yi shekaru tana so ke nan, ga shi a gabanta, hawaye na zubo mata. Sai ta hangi mai kuge ya rataya kugensa ya nufi jakar.

Ba ta san sanda ta sunkuya ƙarƙashin igiya ba. Ta ratsa tsakiyar fili a guje, ta bangaje kujerar giwa, takalminta ɗaya ya tsaya a cikin kogi, ta riga mai kuge kai hannu ta damƙe bakin jakar.

"Ba za a buɗe ba."

"Gwaggo, doka ce. Ta sauka, sai a buɗe."

"Ka taɓa jakar nan ka gani, ɗan Sau. Ni na yi maka wankan jego... ni na riƙe uwarka ranar da aka haife ka. Matsa!"

Baba Truc ya fito daga rumfa, lasifika a baki, ya manta a kunne take. "Mui! Kin haukace ne? Mace a tsakiyar fili ana wasa, a gaban kakanni, a gaban baƙi? Fita!"

"Zan fita, Baba. Amma ka fara faɗa mana abin da ke cikin jakar nan."

"Wa ya sani? Sa'a ce."

"Kawu Khoat, kai fa? Ka sani?"

Tsoho ya duƙar da kai yana murza sandar tuta.

"Yen! Ke da kike gani ta cikin yadi, taimaka mana. Mene ne a nan?"

Wani ya tuntsire da dariya a bayan igiya, aka yi masa tsawa.

"To kun ji," in ji Mui, ta juya tana kallon jama'a, ƙafa ɗaya ba takalmi. "Ba wanda ya sani. Shugaba bai sani ba, gwani bai sani ba. Saura karusa da dakare. Ni kuwa da idona na ga tafiyar karusa, ku ma kun gani. Karusa ce. Wanda ya ce ba ita ba ce, ya fito ya gaya wa baƙon nan inda ya samu labari."

Ba wanda ya fito. Vinh ya naɗe hannu yana kallon dattawa ɗaya bayan ɗaya. Yayyafi na sauka a kan kujeru.

"Ki saki sandar gari," in ji Baba Truc, wannan karon ya sauke lasifikar. "In kika fita da ita, gidanki ya gama shiga biki. Ba rumfa, ba kujera, har abada."

"Ku riƙe. Ba ni da wata 'yar da za ku ci."

Ta karɓe sandar daga hannun Lua ta saɓa a kafaɗa, ta kama tsintsiyar hannun yarinyar, suka fita ta tsakiyar samari. Mutane suka dare musu. Uwar ango na kira daga nesa, "Yaya, lafiya? Yaya!" Mui ba ta waiwaya ba, don ba ta da fuskar da za ta nuna mata.

Sai da suka hau kan madatsar kogi, gonakin shinkafa a ƙasa, sannan ta saki hannun. Har yanzu huci take. Tana tafe tana ɗingishi tana lissafa su da sunayensu, daga Baba Truc har matarsa mai shan romon banza, har Gam. Lua na biye da ita.

"Kada ki damu, 'yata. Ba ki sani ba, ni ma ban sani ba. Sun yaudare mu ne, munafukai."

"Na sani, Inna."

Mui ta tsaya.

"Tun ranar rabon kujeru. Dao ce ta gaya mana a wajen gwajin kaya. Duk 'yan matan sun sani."

"Kin sani? Kin sani kika je kika zauna musu? Kin sani kika bar ni na..." Ta buga sandar a ƙasa. "Me ya hana ki faɗa mini?"

"Tun da Baba ya rasu ban taɓa ganin kin shiga kasuwa kai a sama ba sai makon nan," in ji Lua. "Na ce bari ki ƙarasa makon."

Mui ta kawar da kai. Duk zagin da ta tanada ta rasa wanda za ta ba.

Daga can gidan kakanni aka ji kuge, sai ihu da tafi. Lua ta juya ta kare ido da hannu. Daga kan madatsa ana ganin filin sarai.

"Jakar Dao suka buɗe, ba su ko jira a tashi ba. Karusa ce," in ji ta. "Ga Gwaggo Yen can tana rawa."

Ganga ta sake tashi, kiɗan ci gaba da wasa.

"Sun sa wata a gurbina. Ƙanwar 'yar mai agwagi ce, ina ji." Ta ƙara dubawa. "Ba su ma ba ta allo ba, Inna."

Mui ba ta juya ba. Ta mayar da sandar ɗaya kafaɗar, jakar ta jiƙe ta yi nauyi, ta cire ragowar takalmin ta riƙe a hannu, suka ci gaba da tafiya.